'Yata na son zama injiniya, yayanta kuma Kemistiri ta gagare shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Daura, ina da shago a kasuwa. 'Yata mai shekara 15 ta gama JSS3, za ta shiga SS1. Tun tana firamare ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba, lissafi kuwa daga 80 zuwa sama take ci. Ta kafe ajin kimiyya take so, wai injiniyar lantarki za ta zama. Yayanta mai shekara 17 ya gama SS1 a ajin kimiyya. Ni na sa shi, don ina so ya zama likita, amma bana 38 ya ci a Kemistiri, 41 a Fiziks, 44 a lissafi, 55 a Turanci, sai Ikonomiks da ya ci 72. Yayana ya ce lissafi da ƙarfe ba na mata ba ne, in sa ta ajin Arts, in ta gama ta yi aikin jinya ko koyarwa tunda aure za ta yi. Mahaifiyarsu tana bayan yarinyar. Kuɗin lesin na mutum ɗaya kawai zan iya biya. Da gaske ne kan namiji ya fi ɗaukar lissafi? Yaya zan yi da su biyun?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya maka su, ya yi musu albarka.

Bari mu fara da abin da ba zai jira ba, tunda rabon aji a makonnin farko na SS1 ake yin sa. Ka sa yarinyar a ajin kimiyya. Ko shawarar yayanka ka bi, can ɗin dai za ta, domin aikin jinyar da yake so ta yi ba a shigarsa daga ajin Arts. Makarantar jinya, ta ungozoma, da digirin jinya a jami'a, duk kiredit biyar suke nema: Turanci, lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Injiniya kuwa Turanci, lissafi, Fiziks, Kemistiri, da ƙarin darasin kimiyya guda. Ka ga aji ɗaya ne, malamai ɗaya, littattafai ɗaya. Hanyar ba ta rabuwa sai ranar cike fom ɗin JAMB a SS3. Mai neman injiniya zai zaɓi Turanci, lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai neman likitanci ko jinya zai cire lissafi ya sa Bayoloji. Ashe gardamar da ake yi a gidanka a kan darasi ɗaya ce tak, kuma sai nan da kusan shekara uku za a yanke ta.

Wani abin kuma, ƙofar ajin kimiyya ta fita tana da faɗi, ta shiga ce ƙarama. Ɗalibar kimiyya za ta iya komawa koyarwa, ko Ikonomiks, ko aikin akanta idan ta haɗa da darasin da ake buƙata. Wadda ta yi shekara uku a Arts ba ta da Fiziks da Kemistiri a takardarta, kuma ba darussa ba ne da ake haɗawa cikin wata shida a gida. In an rufe mata wannan ƙofar yanzu, an rufe likitanci, jinya, harhaɗa magunguna, aikin gwajin jini, kwamfuta da injiniya gaba ɗaya, tana da shekara 15.

Maganar kan namiji da na mace kuwa an auna ta. Akwai jarrabawar PISA da ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama tun 2000 (Najeriya ba ta cikin masu yin ta). A zagayen 2018, a ƙasashen ƙungiyar OECD (yawancinsu ƙasashe ne masu arziki), mata sun fi maza da kusan maki 30 a karatu da fahimta, maza sun fi mata da maki 5 a lissafi, a kimiyya kuma mata ne a gaba da maki 2. Ma'aunin da ake magana matsakaicinsa yana kusa da 500 ne, don haka maki 5 ba wani abin a zo a gani ba ne. A Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma, matan ne suka fi mazan lissafin. Da a ce halitta ce ta hana mace lissafi, da ba a ga abin yana juyawa daga ƙasa zuwa ƙasa ba. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ce, kuma a 2014 ta karɓi lambar Fields, wadda masana lissafi ke ɗauka a matsayin babbar lambarsu. Grace Alele-Williams, mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, a Benin a 1985, malamar lissafi ce.

Amma ko da alƙaluman sun nuna maza a gaba da nisa, ba su zai gaya maka halin gidanka ba. Matsakaici na dubban yara ne, kai kuwa yara biyu ne a gabanka, kuma katin sakamakonsu yana hannunka. Ita 80, shi 44. Gani ya kori ji.

Gaskiyar da ke cikin maganar yayanka ita ce mata ba su da yawa a aikin injiniya, nan da ma Turai. Dalilan sanannu ne. Yarinyar da ta iya lissafi sau da yawa ta iya Turanci da Bayoloji ma, sai ya zamana tana da zaɓi da yawa, ta karkata inda ta ga mata 'yan'uwanta. Yaron da lissafi kaɗai ya iya kuwa hanya ɗaya ce a gabansa. Mata da yawa sun fi sha'awar aikin da ake hulɗa da mutane a kan na inji da waya, kuma ba laifi ba ne. Sannan akwai sarewa: yarinya ta ci 65 ta ce ba ta iya ba, yaro ya ci 50 yana bugun ƙirji. A nan Arewa kuma akwai tarihi. Kwalejin Katsina da aka buɗe tun shekarun 1920, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ta maza ce zalla, matan sun shigo boko a makare, kuma da suka shigo koyarwa da jinya aka fara buɗe musu. Wanda bai taɓa ganin mace injiniya ba dole ya zaci babu. Taka 'yar ta ga duk wannan kuma ta ce lantarki take so. Irin wannan sha'awar ba kasafai ake samunta ba, kada a kashe ta.

Abin da muke ji mata tsoro daban ne. Yara mata da yawa suna shiga SS1 da ƙarfinsu, kafin ƙarshen SS2 sun yi sanyi, kuma in ka bibiya ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Na farko rashin lokaci ne. A wannan shekarun ake sakar mata tukunya, wanke-wanke, raino da aike, yayin da yayanta ke da yammacinsa. Fiziks da lissafin SS ba a karanta su kamar labari, sai an zauna da biro ana warware tambayoyi. Ku yanke mata awa biyu kullum da babu mai kiranta, misali bayan Isha'i ko bayan Asuba, a raba aikin gidan da sauran yaran har da mazan. Tambaya goma ta lissafi a rana, kwana shida a mako, ta fi awa biyar ranar Lahadi.

Na biyu fashi ne. Wannan magana ce ta mahaifiyarta, amma kuɗin daga aljihunka zai fito. Yarinyar da ba ta da audugar mata da maganin ciwon mara takan rasa kwana biyu ko uku duk wata. A shekarar karatu guda abin ya kai mako uku ko fiye, kuma lissafi sarƙa ne, in zobe ɗaya ya ɓalle na gaba ba ya kamawa. Ka sa wannan a cikin cefanen wata kamar sabulu.

Na uku firaktikal. A makarantar da ake cakuɗe maza da mata, ka shiga ɗakin gwaje-gwaje za ka tarar maza ne ke riƙe da kayan aiki, mata na gefe suna rubuta lambobi. Ranar WAEC kuwa kowa da teburinsa: ita za ta ɗiga asid da hannunta har ruwan ya canza launi, ita za ta ƙirga kaɗawar zare da agogo, ita za ta haɗa batir da waya ta karanta mita, ta zana giraf. A gaya mata tun yanzu ta riƙa sa hannu. A gida ma ka bar ta ta kwance tocilan da ta mutu, ta haɗa ƙaramin faifan sola da batir da ƙwan fitila. Soket ɗin wutar gida ne kawai ba a wasa da shi.

Kafin ka biya kuɗin makaranta, ka je da ƙafarka ka yi tambaya uku. Wa ke koyar da Fiziks, kuma shi ya karanta ko cike gurbi yake yi? Sau nawa 'yan SS2 suka shiga ɗakin gwaji a zangon da ya wuce? A sakamakon WAEC ko NECO na bara, mutum nawa suka sami kiredit a lissafi, Fiziks da Kemistiri tare? Ka kuma tambaya ko ana koyar da Ƙarin Lissafi da zanen injiniya. Yawancin jami'o'i ba su wajabta su ba, amma wanda ya yi su ba ya shan wuya a shekarar farko. Jiharmu tana da makarantun kimiyya na 'yan mata a ƙarƙashin Hukumar Ilimin Kimiyya da Fasaha, irin ta Ajiwa, akwai kuma Kwalejin Gwamnatin Tarayya a nan Daura. In ta kwana ce, ka duba katanga, masu gadi da hanyar zuwa da idonka. Wannan haƙƙinka ne na uba, ba wanda zai ga laifinka.

Yanzu yaron, wanda a ganinmu shi ya fi buƙatar gaggawa, ko da yake wasiƙarka ta fi tsayawa a kan ƙanwarsa. Likitanci shi ne kwas ɗin da ya fi kowanne gasa. JAMB maki 400 ce, tambaya 180 cikin awa biyu a kwamfuta, kuma masu samun gurbin likitanci daga can sama ake ɗibarsu. Jami'o'i da yawa suna son kiredit biyar ɗin a zama ɗaya. Bayan an shiga, shekara shida ce, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti. Kiredit daga C6 yake farawa, wato kusan maki 50; D7 da E8 ba sa shigar da kowa. Yaron da ke kan 38 da 41 a SS1, inda darasin ya fi sauƙi, yana da nisa da wannan hanya. Sai dai kada ka yanke hukunci kafin ka san abin da ya kawo faɗuwar, domin iri uku ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ka sami malamin lissafi, ba lallai na makarantarsu ba, ya ba shi tambaya 20 daga aikin JSS2 da JSS3: kason lamba, kashi cikin ɗari, lambobin da ke ƙasa da sifiri, da juya fomula a fitar da harafi ɗaya gefe. In ya kasa cin 12, an gano ramin. Kemistirin SS1 da SS2 cike take da lissafin mol, wanda rabo da kaso ne kawai aka sa wa sabon suna, Fiziks kuma rabinta juya fomula ne. Yaron da ya wuce JSS da wannan giɓin zai yi ta haddar ma'anoni yana faɗuwa a lissafin. Irin wannan yana gyaruwa cikin wata uku zuwa huɗu, in an koma baya an faro daga tushe.

Gwaji na biyu, a buɗe masa shafi ɗaya na littafin Bayoloji ya karanta, a rufe, ya bayyana da Hausa abin da ya fahimta. In ya karanta sumul amma ya kasa bayani, Turanci ne matsalar, kuma ita ce cutar da ta fi kama yara maza ba a sani ba, saboda ba su cika karanta komai a wajen aji ba. Na uku kuwa kai ne za ka yi shi: ka lissafa yammacinsa na mako guda. Awa nawa a waya, nawa a gidan kallon ƙwallo, nawa a majalisa, kwana nawa ka janye shi ya tsare maka shago ranar kasuwa. Namiji yakan sami 'yancin da ke cinye masa karatu, kamar yadda aikin gida ke cinye na mace.

In ka yi duk wannan ka tarar tushensa ba laifi, lokacinsa ma ba laifi, shi dai ransa ne ba ya wurin, to 72 ɗin nan ta Ikonomiks magana take yi maka. Ka zaunar da shi kai da shi, ba a gaban ƙanwarsa ba, ka tambaye shi abin da yake so, ka yi shiru ka saurara. Yaran da aka tura kimiyya don burin uba sukan ji kunyar cewa sun gaji, sai su bar sakamako ya faɗa a madadinsu. In ajin kasuwanci ya dace da shi, a mayar da shi a farkon zangon farko na SS2, kada ya wuce haka. Zai rama aikin shekara ɗaya na Akawun da Kasuwanci, wanda mai yiwuwa ne a zango biyu. In aka bari sai SS3, lokacin an kusa rajistar WAEC kuma makin gwajinsa na baya duk a darussan kimiyya aka tara, sai ka ga ya fito ba nan ba can, a yi ta sake zama ana biyan kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ya sani lissafi zai bi shi can ma, don Ikonomiks da aikin akanta duk suna neman kiredit a cikinsa. Hanyarsa tana da faɗi: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, Al-Qalam, ko difloma a Kwalejin Hassan Usman Katsina. Ɗan mai shago da ya iya ajiye lissafin kuɗi ba asara ba ne ga gidanku. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kuɗin lesin, ga yadda muke ganin a raba shi. Bana na yaron ne, amma a kan lissafi kaɗai, na wata huɗu, da sharaɗin a sake gwada shi a ƙarshe. Kada a biya malamin da zai maimaita masa abin da aka yi a aji, a biya wanda zai koma JSS da shi. Yarinyar a SS1 ba lesin take buƙata ba. Littafin lissafi, na Fiziks da na Kemistiri nata na kanta, da kalkuleta ta kimiyya, da awa biyun nan sun ishe ta. Daga SS2 zango na biyu kuɗin ya koma kanta, a kan firaktikal da tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB na shekara goma, da koyon amsa tambaya a kwamfuta. Abu ɗaya muke roƙonka: kada ka ce ita ta koya masa, kada kuma ka riƙa yi masa gori da ita. Da yawa an ɓata zumuncin wa da ƙanwa ta haka, yaron ya tsani karatun gaba ɗaya.

Saura batun aure da aiki, wanda muka san shi ne ainihin abin da ke damun yayanka, kuma damuwa ce ta gaskiya. Ga lissafin shekarun. Za ta gama sakandare tana 18. Digirin injiniya shekara biyar ne, da wata shida na koyon aiki a shekara ta huɗu, sai bautar ƙasa shekara ɗaya, ta kai 24 in ba yajin aiki. Digirin jinya shi ma biyar ne. NCE uku ce. Akwai kuma hanyar difloma: shekara biyu, shekara ɗaya a wurin aiki, sai babbar difloma shekara biyu, kuma tana da amfanin cewa ko an tsaya a tsakiya akwai takarda a hannu. Ka ga digirin injiniya bai fi digirin jinya tsawo ba ko da shekara guda.

Cewa jinya ta fi dacewa da matar aure ma, a duba da kyau. Ma'aikaciyar jinya tana kwanan asibiti, tana aikin Sallah da azumi, tana kula da majinyata maza da mata. Abin da jinya ta fi injiniya da shi, kuma ba za mu ɓoye maka ba, shi ne saurin samun aiki, don asibitocinmu suna ƙishirwar ma'aikata mata. Injiniya yakan jira, kuma takarda kaɗai ba ta isa sai da aikin hannu. Amma ba kowane injiniyan lantarki ne ke hawa falwaya ba. Akwai masu zana tsarin wutar gini a kwamfuta, masu lissafin girman sola da batir ga gidaje da asibitoci da rijiyoyin burtsatse, masu aiki a ma'aikatar ayyuka, hukumar ruwa ko kamfanin rarraba wuta na KEDCO, da masu koyarwa. Malamar Fiziks mace a makarantar 'yan mata kuwa ana nemanta ruwa a jallo. Nesa ma ba lallai ba ne: Jami'ar Sufuri ta Tarayya tana nan Daura da kwasa-kwasan injiniya, layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta garinku aka shata shi, Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk tafiyar yini ce a je a dawo.

In miji ya fito tana tsakiyar karatu, abin da ke kashe karatun ba auren ba ne, rashin yin magana dalla-dalla kafin a ɗaura shi ne. "Zan bar ta ta ci gaba" ba ta isa ba. A gaban waliyyai da shaidu a faɗi wa zai biya kuɗin makaranta, ina za ta zauna lokacin zango, wa zai riƙe jariri, kuma a sa biki a hutu. In haihuwa ta zo daf da jarrabawa, ta rubuta takardar neman ɗage zangon ta hannun shugaban sashe kafin jarrabawar, kada ta ɓace kawai, don wanda bai zauna ba kuma bai rubuta ba faɗuwa ake rubuta masa. Hukumar bautar ƙasa kuma tana tura matar aure jihar da mijinta yake idan ta kawo takardun shaida.

Yayanka kuwa, kada ka je masa da gardamar ƙwaƙwalwa. Ka ɗauki katin sakamakon yaran biyu ka kai masa, ka ce ka bincika, jinyar da ya ba da shawara sai ta ajin kimiyya, don haka can za ka sa ta, maganar kwas kuma sai ta kai SS3 a sake zama da shi. Ba ƙarya ka yi ba, girmansa kuma bai faɗi ba. Sharuɗɗan shiga jami'a sukan canza, saboda haka a shekarar da za ta cike fom ku duba kundin JAMB na wannan shekarar, kada ku dogara da abin da mai shagon kwamfuta ya ce. A makon nan dai, ka nemo malamin da zai ba yaron tambayoyi 20 ɗin nan, ka kuma je ka ga ɗakin gwaje-gwajen makarantar da yarinyar za ta shiga kafin a dawo daga hutu. Allah ya yi jagora.